Ɗalibin injiniya da ke haya da babur cikin dare

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Garwa ne a Kamaru, shekaruna 22, ina shekara ta biyu a karatun injiniya, fannin gine-gine, nesa da gida. Mahaifina tela ne, idonsa ya fara rauni, abin da yake aiko mini ba ya isar kuɗin ɗaki da abinci. Tun bara na karɓi babur ɗin wani maƙwabci ina haya da shi daga magariba har ƙarfe ɗaya na dare. A zangon da ya wuce na faɗi darussa uku, kuma ban gaya wa kowa a gida ba. Yanzu ko na kwanta barci ba ya zuwa, abinci ba ya mini daɗi, in na buɗe littafi sai in ji kamar ban taɓa sanin lissafi ba. Wani abokina ya ce in riƙa shan taramol don in sami ƙarfi. Shin akwai tallafin karatu ga irina, ko kuwa in haƙura in koma gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka tambaye ni batun kuɗi, amma zan fara da barcinka, domin shi ya fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka. Duk wata ƙofar tallafi da zan nuna maka, takardar sakamakonka za a fara dubawa kafin a dubi halin da mahaifinka yake ciki, kuma makin da ake nema ba ya fitowa daga kan da ke kwana a titi. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9. Wanda ya ajiye babur ƙarfe ɗaya, ya tashi da asuba, ya shiga aji da safe, da ƙyar yake samun rabin haka, balle a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa da Marwa ke wuce digiri 40 a ma'aunin Celsius, ɗaki ya zama kamar tanda har tsakar dare. Ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da ta koya da rana. Saboda haka darussan nan uku da ka faɗi ba shaida ba ne cewa kanka bai iya ba. Kan da ya ci jarrabawar shiga makarantar injiniya yana nan, gajiya ce ta danne shi.

Sai dai abin da ka bayyana ya ɗan zarce gajiya. Rashin barci ko da an sami lokacinsa, fitar sha'awar abinci, kasa tara hankali wuri guda, da jin cewa mutum ba shi da amfani, idan suka haɗu suka zarce mako biyu, likitoci suna ɗaukar su alamun ciwon damuwa. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne, ko da yake na san haka wasu za su gaya maka. Ka riƙe sallarka da addu'arka, sannan ka je ɗakin shan magani na jami'arku a cikin makon nan, ka faɗa wa likita abin da ka faɗa mini ba tare da ka rage kome ba, idan ya ga dama ya tura ka babban asibitin lardi. In kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, kada ka jira wayewar gari, ka sami wani da ka yarda da shi a daren, ya raka ka asibiti.

Taramol kuma ka nisance shi. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin waɗanda ake sabawa da su a kasa bari, yawansa yana jawo farfaɗiya, kuma shi kansa yana ƙara lalata barci. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya ga samarin da suka fara shi don su jure aikin babur, ya kuma ga inda ya kai su.

To, ga maganar tallafi, kuma gara ka ji ta yadda take. A da, gwamnatin Kamaru tana biyan ɗaliban jami'a alawus, amma gyaran tsarin jami'o'i na 1993 ya soke wannan, ya kawo kuɗin rajista na sefa 50,000 a shekara a jami'o'in gwamnati. Abin da ya saura a cikin gida shi ne kyautar ƙwazo da ake ba ɗaliban da suka yi fice, ita ma sefa 50,000 ce, wato daidai kuɗin rajistar shekara guda. Ba za ta ciyar da kai ba, amma ga ɗan tela ba abin rainawa ba ce, kuma da maki ake samun ta. Akwai kuma guraben karatu da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya da Sin da Rasha ke bayarwa, waɗanda Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi a Yawunde take sanarwa. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe nata a farkon kowace shekara ta intanet, sai dai mai neman digirin farko dole ya kasance bai kai shekara 21 ba, ka ga kai ta riga ta wuce ka. Ko da ma ba ta wuce ka ba, ba zan so ka tafi yanzu ba, domin za ka koma shekarar farko bayan ka share shekara guda kana koyon harshensu. Na digiri na biyu iyakarsa shekara 30. Shawarata ita ce ka kammala shekarunka biyar a nan da maki mai kyau, sannan ka nemi na waje kana da takarda a hannu, ka kuma gyara Ingilishinka tun yanzu, don da yawa daga cikin guraben injiniya da shi ake karantar da su, Faransanci kaɗai ba zai wadatar ba.

Aiki kuwa, ban ce ka bari ba, tunda sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aikin da za ka nema shi ne wanda ba ya cin dare kuma yana kusa da karatunka. Ka je ofishin da ke kula da walwalar ɗalibai, wanda ɗakunan kwana da gidan cin abinci ke hannunsa, ka tambayi shirin aiki da karatu, inda ake ɗaukar ɗalibai su taimaka a ofisoshin jami'a a ba su ɗan abin hannu. Ka rubuta takardar neman ɗakin jami'a ma, ya fi na haya a gari sauƙi. Abin da na fi yarda da shi ga irinka shi ne koyar da yara a gida. Iyayen da 'ya'yansu ke shirin jarrabawar ƙarshen sakandare suna neman mai koya musu lissafi da kimiyya ruwa a jallo, kuma sun fi amincewa da ɗalibin injiniya. Gida biyu ko uku, awa biyu da yamma, ka dawo ɗakinka kafin isha'i, kuma lissafin da kake maimaita wa yaran yana ƙara zaunar da naka. A lokacin hutu ka nemi aikin gwaji a wuraren gini, ko ka kai takardarka kamfanin auduga na Sodecoton a Garwa ko na siminti a Figil, ko da abin da za a ba ka kaɗan ne, domin mai ba da tallafi yana duba wannan ma. Babur kuwa, in ba yadda za ka yi, ka bar shi ranar Asabar da Lahadi da rana.

Saura mahaifinka. Na fahimci abin da ya sa ka yi shiru: kana ganin mutumin da ke lanƙwashe a kan keken ɗinki dominka bai cancanci ya ji labarin faɗuwa ba. Amma ɓoyon nan yana cikin abin da ke hana ka barci, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan nauyinsa ya hana ka, ka fara da mahaifiyarka ko kawunka, su isar masa cikin hikima, ka haɗa da abin da ka shirya yi: ranar jarrabawar gyara, malaman da ka gani, da abokan karatun da ka samu. Kada ka koma gida, ɗana, darussa uku ana gyara su. Allah ya ba mahaifinka lafiyar ido.

Tambaya: Malam, 'yata ta ci jarrabawar ƙarshen sakandare a fannin kimiyya, tana son karatun wutar lantarki. Wani ya turo mana saƙo ta WhatsApp cewa zai samo mata gurbi kyauta a ƙasar waje idan muka biya sefa 200,000 na buɗe fayil. In biya? Daga wata uwa a Kuseri.

Amsa: Hajiya, kada ki ba shi ko dala. Tallafin gwamnatoci ba ya bi ta hannun dillali, kuma wanda ya ce zai ba da kyauta amma sai an fara biyansa, kuɗinki yake so. Ki sa 'yarki ta duba sanarwar ma'aikata ko ta ofishin jakadancin ƙasar da kanta. Kuɗin da kika tanada ya fi amfani a shirin jarrabawar shiga makarantun da ke kusa da ku: babbar makarantar injiniya ta Jami'ar Marwa tana da fannin makamashin da ake sabuntawa, Jami'ar Ngaundare kuma tana da makarantar fasahar masana'antu da cibiyar fasaha, inda ake karanta lantarki. Tashoshin wutar rana da aka kafa a Marwa da Gidar suna nuna cewa fannin da ta zaɓa yana da aiki a nan arewa. Ta haɗa takardar haihuwa da sakamakonta tun yanzu, a buga musu hatimin tabbatarwa, ta ajiye hotunansu a wayarta, domin wa'adin karɓar takardu gajere ne kuma ba a jiran kowa.