Amsar tambayarka kan rigimar injin Fomula Wan

Yarona, jiya muna rufe gareji ka tambayeni wai meyasa kamfanonin tseren motoci na Fomula Wan suke ta kai ƙara da ɗaukar lauyoyi duk sanda aka taɓa dokar inji, tunda wanda ya haɗa inji mai ƙarfi ai shi zai ci. Gajiya bata barni na amsa ba, toh ga amsar.

A can ba'a barinka ka ƙera abinda ranka yake so, hukumar FIA mai kula da tseren ce take yanka maka girman inji da man da zai sha, kuma layi ɗaya in aka sauya a takardar nan wani ya samu, wani kuma wahalarsa ta shekaru ta bi ruwa. A 2014 aka ajiye injin V8 (mai silinda 8) mai lita 2.4 aka koma V6 (mai silinda 6) mai lita 1.6 da tabo (na'urar da take tura ƙarin iska cikin inji) da batir, Mercedes sun riga kowa shiri sai suka kwashe kofin kamfanoni shekara 8 a jere har 2021. Ƙananan ƙungiyoyi masu siyan inji kuwa kuɗin ya sha musu kai, a 2015 FIA ta so ƙayyade farashi Ferrari ta hau kujerar naƙi don an bata wannan ikon, a shekarar ne ma Force India da Sauber suka kai kuka Tarayyar Turai kan rabon kuɗi da yadda manya ke tsara doka, sai 2018 suka janye.

Amma wanda nake so ka riƙe shine awo, don nan ne ya shafi aikinmu. Dokar 2014 tace kada mai ya wuce kilo 100 a awa ɗaya. Tseren farko a Ostareliya Daniel Ricciardo direban Red Bull ya zo na biyu, sensar hukuma mai auna mai ta nuna man nasa ya wuce, Red Bull suka ce sensar ce bata da lafiya shiyasa suka bi nasu lissafin, aka ƙwace matsayin, suka ɗaukaka ƙara kotun FIA a Paris suka faɗi. A 2019 kuma aka zargi Ferrari da wasa da wannan sensar, FIA ta bincika sai a Fabrairun 2020 ta ce sun sasanta a sirrance, ƙungiyoyi 7 suka fito suka ce basu yarda ba. Wallahi wannan sirrin har yau yana min ciwo, in ka kwance inji ka duba ai sai ka faɗawa mutane abinda ka gani. A 2020 ɗin aka ƙara sensa ta biyu, Ferrari ta ƙare ta 6.

A injin 2026 kuwa an cire na'urar da take tara wuta ta jikin tabo saboda tsada da wuyar ƙerawa, cirewar ta buɗewa Audi ƙofar shiga tseren, an ɗaga ƙarfin lantarki daga kilowat 120 zuwa 350, sannan aka rage matsin silinda daga 18 zuwa 16. Toh nan ka nutsu. Ka tuna in mun kai tof, wato murfin saman silinda, an goge fuskarsa, fili yana raguwa tsakanin fistan da tof sai matsi ya ƙaru ko? Zafi ma yana iya yin haka, ƙarfe in ya ɗau zafi miƙewa yake, fistan sai ya ƙara matsowa sama. Ita kuma dokar da aka rubuta da farko cewa tayi a auna inji yana sanyi, shine Ferrari da Honda da Audi suka yi ƙorafi suna zargin na Mercedes yana cika 16 a sanyi amma in ya hau hanya ya yi zafi sai ya haura. Ni a ganina mai rubuta dokar ne ya bar ƙofa a buɗe, injiniya kuwa in ya ga ƙofa shiga zai yi.

Gobe in Allah ya kaimu kazo da wuri kafin a tada motar nan da aka bari ta kwana, ka ɗauko fila geji, ƙarfen auna tazara, mu auna tazarar tafet na bawul tana sanyi ka rubuta, mu barta ta yi zafi mu sake aunawa ka ga bambancin da hannunka.