Hajiya, kada ki yarda dillali ya raba ki da ganin Balad

Hajiya, tambayarki ta taɓa mini zuciya, domin fargabar da kike yi ta faɗawa hannun dillalai a yinin da za ki yi a Jidda bayan Umara, ita ce ta tabbata a kaina. Wani mai jin Hausa ne ya tare mu a bakin masauki yana kiran mu iyayensa, ya ce zai zaga da mu tsofaffin gidajen Balad, wato tsohuwar unguwar Jidda, amma sai ya zarce da mu shagon zinaren wani abokin hulɗarsa, inda ya tsaya yana fassara mana farashi yadda ya ga dama, yana ɗora nasa kason a kan kuɗin ƙira, mu kuwa muna ta sa masa albarka. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna yadda ya riƙa rantsuwa da Allah a gaban mutanen da ba su daɗe da yin ɗawafi ba, kuma ya cinye mana yammacin nan gaba ɗaya.

Sai a wata tafiyar na ga Balad da idona. Ki tafi bayan la'asar, saboda zafin bakin Bahar Maliya mai gumi ne, sannan ki shiga ta Kasuwar Alawi, wadda za ta kai ki har Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881, inda Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya sauka a 1925. Akwai tsohuwar bishiyar darbejiya a ƙofarsa. Ki ɗaga kai ki dubi tagogin katako masu sassaƙa da suka turo waje daga bangayen dutsen murjani, domin irin waɗannan gine-gine ne suka sa UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ganuwar garin kuwa an rushe ta tun 1947.

Idan zinare za ki saya, ki sa a auna a gabanki, a faɗa miki kuɗin giram daban, na ƙira daban, kuma kada ki fita ba rasit. Turare, dabino da abaya ki taya a shaguna da yawa, kuma ki tuna da nauyin kayan da jirgi ya yarje miki. Don Allah ki tafi da 'yar'uwa mai ɗan jin Larabci, ku riƙa magana da mai shago kai tsaye.