Ga 'yar uwar da yini ke ɓace mata, ni ma na bi ta nan

Assalamu alaikum 'yar uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarki, barci ya ƙaurace mini. Kin ce sa'o'i kan ɓace miki, ki tsinci kanki a wurin da ba ki san yadda kika je ba, wani lokaci ki ji kamar kina tsaye gefe kina kallon jikinki yana aiki, kuma kina neman likitan da zai gane ciwon. Wallahi kamar ni na rubuta. A Tahoua nake, shekara 6 na yi ina yawon neman magani kafin a faɗa mini sunan abin da ke damuna, wato disosiyasiyon, yankewar hankali daga abin da ke faruwa.

Ranar da ba na mantawa Lahadi ce, ranar kasuwa. Na ɗora tukunya, na zaunar da ɗiyata mai shekara 4 a tabarma, na ce bari in sayo albasa in dawo. Ban sake sanin inda nake ba sai da na ji kiran sallar la'asar. Ga ni zaune bisa benci a tashar mota, takalmi ɗaya a ƙafa, ledar albasa a hannu. Wani yaro mai tallar ruwa ya ce, "Inna, tun hantsi kike nan, wa kike jira?" Na iso gida tukunya ta ƙone ƙurmus, maƙwabciya ta ɗauke yarinyar, uwar mijina na tsaye bakin ƙofa, mata sun taru. Ta ce ina na yini. Na ce ban sani ba. Ta juya ta dubi matan ta ce, "Ita ba ta sani ba, amma mu mun sani." Har yau in na tuna maganar nan sai cikina ya juya. Ko ruwa ba ta ba ni ba, ƙafata na jini ba ta duba ba. Takalmin nan guda na ajiye shi shekara biyu ƙarƙashin gado, ni kaina ban san dalili ba.

Ita ce kuma ta sa aka kai ni wani ƙauye wurin mai cire iska. Jika 40 da baƙin bunsuru ya karɓa. Ya rufe ni da bargo, ya tura mini hayaƙin barkono, yana tsula mini bulala yana cewa "faɗi sunanka!" Da azaba ta ishe ni na faɗi wani suna da ya zo bakina don ya bari. Sai ya ce kun ji, ya yi magana. Ba na raina addu'a, kada a fahimce ni baibai, har gobe ina azkar ɗina ina shan rubutu. Amma duk wanda ya ɗauko bulala, ki tashi ki bar wurin.

Daga nan sai wata kilinik. Minti biyar ban cika ba a gaban mutumin. Ya ce tana jin muryoyi? Uwar mijina ta amsa a madadina. Aka yi mini allurar Haldol, aka rubuto Largactil. Wuyana ya sandare, miyau na zuba, ina tafiya kamar an ɗaure ni da igiya, ɓacewar kuma ba ta daina ba. Magungunan nan suna taimakon masu ciwon da aka yi su dominsa, kuma in an riga an ɗora ki a kansu kada ki yanke da kanki, ki koma wa likita. Sau da yawa ana ɗaukar irin namu a matsayin sikizofireni, ciwon taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi, ni ma abin da ya same ni ke nan.

To, batun inda za ki. Kada ki ɓata lokaci kina neman ƙofar da aka rubuta ƙwararren wannan ciwo a kanta. Likitan ƙwaƙwalwa za ki nema, sikiyatur, sannan sikolog, mai magani ta hanyar zama da magana, wanda ya saba aiki da mutanen da suka ga tashin hankali. Ni wani ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ake ce wa TSSM, shi ya fara saurarena a nan Tahoua, ya rubuta mini takarda zuwa Yamai. Wajen kilomita 550 ne, ta Konni, Dutsi da Dosso, kuma kada ki kuskura ki shiga kar, wato babbar motar fasinja, ke kaɗai. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ɓangaren ciwon ƙwaƙwalwa yake, Pavillon E. Na san ana jin sunan gaba ke faɗuwa, ni ma kuka na yi a bakin ƙofa. Da na shiga na tarar da malaman makaranta, 'yan kasuwa, uwaye da goyo, kowa da katin asibitinsa a hannu yana jiran layi. Wasu mutanenmu kuma kan tsallaka ta Illela zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, in can ya fi miki sauƙi.

Likitan da ya gan ni bai yi gaggawar ba ni suna ba. Ya fara tura ni awon EEG, wanda ake manna wayoyi a kai, domin akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, ba kumfa a baki, sai dai ya ƙura ido, ya yi ta motsa leɓe ko ya kama tafiya, bayan nan bai tuna komai. Ita maganinta daban. Ki nace a yi miki wannan awon. An duba sukarin jinina, an tambaye ni ko na taɓa buguwa a kai, ko ina shan tiramol. Na ji haushin tambayar, amma daidai ce. Bayan haka sikolog ta bi da ni wata takarda mai tambayoyi 28 da ake kira DES, tana fassara mini da Hausa. Takardar ba ita ke yanke hukunci ba, hanya kawai take nunawa. Sai a zama na huɗu na ji kalmar disosiyasiyon. Ta ce in kayan wuta sun yi wa konta, wato mitar wuta, yawa ai yankewa take don kada gida ya kama, haka hankali ke yi in abin da ya faɗa wa mutum ya fi ƙarfinsa, galibi tun yana ƙarami. Nawa na san shi. Ba zan faɗe shi nan ba.

Ki sayi kaye, wato littafin rubutu, tun yau. Duk ranar da abin ya zo ki rubuta ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, wane wari ko wace murya kika ji. Ki tafi da wanda ya taɓa ganinki a cikin halin, amma ki roƙi likita ya gan ki ke kaɗai ma, kada wani ya amsa a bakinki kamar yadda aka yi mini. Ko maganar iska kada ki ɓoye don kunya, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya sa irin wannan fita hayyacin da ke zuwa ba a gayyace shi ba cikin dangin ciwon.

Babu ƙwayar da ke warkar da shi kai tsaye, wannan ya ɓata mini rai sosai da na ji. Ana ba da magani don baƙin ciki, fargaba ko rashin barci in suna tare da shi, amma asalin aikin zama ne da magana. Farko a koya miki tsayawa da ƙafarki, sai daga baya a taɓa tsohon miki. Wanda ya ce ki zazzage masa komai ranar farko, ki nemi wani. Ni kanumfari nake ƙullewa a bakin zane, in na ji duniya ta fara yin nisa sai in tauna ɗaya, in taka ƙasa da ƙarfi, in faɗi sunana da ranar da muke. Lambar yayana ma tana rubuce cikin jakata. In kuma tunanin cutar da kanki ya zo, kada ki jira randebu, wato ranar da likita ya sa miki, a kai ki asibiti a daren.

Auren dai bai kai ba. Ranar da na kawo takardar likita, tsohuwar ta ce takardar nasara ba ta wanke mace. Ɗiyata na wurina, tana aji shida yanzu, ita ke tuna mini in kashe gas. Ki gaya mini, akwai wanda zai raka ki Yamai? In babu, ki yi mini magana ta gefe, wata mai zuwa nake da randebu.