Fanka ko ƙwayar barci: me ya kamata ta saya?

"Anti, ina aji biyu a ABU, a Amina Hall nake. Tun da jarrabawa ta matso ba na kwanciya sai ƙarfe 2, in tashi da asuba. Yanzu abu kaɗan sai in fashe da kuka, ƙawayena har sun fara shakkar yi min magana. Baba ya turo min ɗan kuɗi. Wata ta ce in sayi Piriton ko melatonin, wata ta ce fanka mai caji. Wanne zan ɗauka?" Ɗaliba, Samaru.

Ƙanwata, sayi fanka. Amma bari mu yi lissafi tukuna. Daga ƙarfe 2 zuwa kiran assalatu, awa uku ke nan ko ɗan fi. Masana barci sun ce babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, 'yan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Wato rabin abin da jikinki ke binki ma ba kya biya. Kukan nan ba halinki ne ya canja ba. A ƙwaƙwalwa akwai ɓangaren da ke hura fargaba da fushi, akwai kuma na gaban goshi mai taka masa birki. In barci ya yi ƙaranci, na farkon ya ƙara zafi, birkin kuma ya saki. Shi ya sa maganar da da za ki yi dariya a kanta, yau take sa ki hawaye.

Me ya sa fanka? Sai zafin jiki ya ɗan sauka kafin barci ya ɗauki mutum da kyau. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin hostel a watan Maris ko Afrilu, wuta ta ɗauke, mutum huɗu ko fiye na numfashi a ɗaki ɗaya, ya san abin da nake nufi. In kuɗin ya yi saura, ƙara da gidan sauro. Kukan sauro a kunne ya fi jarrabawa hana barci.

Piriton maganin mura ne da ƙaiƙayi, kasalar da yake sawa illarsa ce kawai. Cikin 'yan kwanaki jiki ya saba, ga shi ki wayi gari kai a ɗaure ki shiga aji. Melatonin kuwa jikinki na yin nasa da kansa idan duhu ya yi, aikinsa saita agogon jiki. Ba zai yi miki komai ba kina shan Nescafe ƙarfe 9 na dare. Kafin rabin sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikin Nescafe ya bar jini ana ɗaukar kusan awa biyar, wato ƙarfe 2 yana nan yana aiki. Haka goro, Lipton mai kauri da lemunan ƙarin kuzari. Ki tsayar da su daga azahar. Ƙwayar barcin nan Diazepam kuwa, in ba likita ne ya rubuta ba, kar ki bari wata ta miƙo miki ko ɗaya. Ta ƙofar "in samu in yi barci" 'yan mata da yawa suka faɗa shan kodin, har gwamnati ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi a 2018.

Shi wannan karatun kwana da kuke kira TDB, ban taɓa yarda da shi ba. Cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Kwanta ƙarfe 10, ki yi karatunki bayan asuba, ki ɗan yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 da rana. Gwada na mako biyu ki sake rubuto min.

"'Yata shekararta 19. Fiye da wata guda ke nan kullum tana ɗaki a kwance, ta daina zuwa Islamiyya, abinci sai an matsa mata. Cewa take barci ba ya isarta. Ina tunanin in je Sabon Gari in canja mata katifa." Uwa, Tudun Wada.

Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya, amma ki riƙe kuɗin katifar. Ɗalibar da na amsa wa a sama, barci ne ya yi mata kaɗan. Taki tana kwance yini guda kuma ba ta hutawa, wannan wani abu ne daban. Idan mutum ya haura mako biyu cikin ƙunci, abin da yake so ya fita ransa, ci ya canja, barci ya ƙaru ko ya gudu, likitoci na zargin ciwon damuwa, kuma ya fi kama mata fiye da maza tun daga balaga. Ƙarancin jini, musamman ga mai zubar jini da yawa lokacin al'ada, shi ma yana kawo irin wannan mutuwar jiki, gwajinsa kuma ba wuya.

Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Shika, suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Na san abin da ke ranki: kar a ji, kar manema su gudu. Ba sai kin sanar da unguwa ba. Addu'a da tofi a ci gaba da yi, ba su hana ganin likita. Kar a riƙa ce mata raguwa, don Allah. Ki zauna bakin gadonta ki tambaye ta me ke damunta, ki yi shiru ki saurara. In kuwa kin ji ta ce gara ta mutu, ko ta gaji da duniya, ranar za ku tafi, ba gobe ba.

"Da waya nake saita lokacin tashi, sai in ɓige da TikTok har tsakar dare." Amarya, Kwarbai.

Amarya, agogon tebur mai ƙararrawa bai kai kuɗin datar da kike ƙonawa ba. Sayi ɗaya, wayar kuma ta kwana a falo tana caji. Ki ce wa angon tasa ma ta bi ta.