Me ya sa wasu finafinan katun na kwamfuta ba sa kama zuciyar yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai yara uku, babban shekararsa goma sha ɗaya, ƙaramar biyar. Duk ƙarshen mako nakan aika shagon masu tura finafinai a turo mana katun mu kalla tare. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, akwai fim ɗin da za su yi ta maimaitawa har su haddace, akwai kuma wanda kafin a kai rabi kowa ya kama gabansa, alhali hotonsa ya fi na wancan kyau. Haka aka yi da sabon Lion King da The Emoji Movie. Kai da kake koyar da wannan sana'a, waɗanne ne ba ka so a cikinsu, kuma mene ne yake kashe su? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma yaranki alƙalai ne na ƙwarai. Turancin waɗannan finafinai yana da sauri, ga barkwancin da sai ɗan can zai gane, don haka yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa da ido yake bin labarin, ba da kunne ba. Yana kallon fuska, yana kallon tafiya, yana lura da wa ya tsorata, wa ya ji kunya. In fuskar ba ta gaya masa komai ba, fim ya ƙare a wurinsa, ko nawa aka kashe a kai.

Shi ya sa zan fara da The Lion King na 2019. Akwai waɗanda suka fi shi muni nesa ba kusa ba, amma shi ya fi ba ni takaici, domin gwanaye ne suka yi shi. Ki tuna wurin da garken namun daji suka bi ta kwazazzabo, ƙura ta lafa, Simba, ɗan zakin da ake ba da labarinsa, ya tarar da mahaifinsa kwance. A na 1994, wanda aka zana da hannu, girar yaron tana ɗagawa, kunnuwansa suna kwantawa, idanunsa suna cika da hawaye, ya ja kunnen uban, ya tura shi da kai, ya kuma shiga ƙarƙashin hannunsa ya kwanta. Ko an kashe sauti, 'yarki mai shekara biyar za ta san abin da ya faru. A sabon kuwa, darakta Jon Favreau da ma'aikatansa sun ɗaura ɗamarar yin zaki sak irin na daji, kowane gashi a wurinsa. Sun kuwa cim ma burinsu. Matsalar ita ce zaki na gaske ba shi da girar da zai nuna baƙin ciki da ita, ba ya zubar da hawaye, bakinsa kuma ba a halicce shi don magana ba. Sai ki ji murya tana kuka, fuskar da muryar ke fitowa daga cikinta kuwa ko gezau. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.6 a duniya, wato ta fuskar kasuwa ba a yi asara ba, amma a ganina son da iyaye suke yi wa tsohon ne ya ja mutane.

Wannan cuta tana da 'yar'uwa wadda ta fi ta tsanani, ita ce yin mutane da kwamfuta har su kusa zama na gaske. Tun a 1970 wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin cewa mutane suna ƙara son abu gwargwadon yadda yake ƙara kama da ɗan Adam, har a kai wani matsayi da kamar ta yi yawa amma ba ta cika ba. Daga nan sai so ya koma tsarguwa. Ido ya ga fata, ya ga gashi, amma ƙwayar idon ba ta da rai, sai jiki ya ba mutum cewa wani abu ba daidai ba ne. The Polar Express na 2004 ya sha wannan suka. An yi shi ne ta hanyar manna wa 'yan wasa ƙananan alamomi a jiki da fuska, kwamfuta ta kwashi motsinsu ta ɗora a kan zane. Mars Needs Moms na 2011 ya bi wannan hanya, aka kashe masa kimanin dala miliyan 150, ya dawo da abin da bai kai miliyan 40 ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

To sai The Emoji Movie na 2017, wanda in aka ce in zaɓi guda ɗaya da ba zan so a nuna wa yaro ba, shi zan zaɓa. Hotonsa ba laifi. Laifinsa shi ne talla ce aka sa wa rigar fim. Jarumin, Gene, ɗan hoton fuska ne da ke zaune a cikin wayar wani yaro, ana so ya riƙe yanayin fuska guda, shi kuwa ya kasa. Da wannan za a iya gina labari mai kyau a kan yaron da ake tilasta wa zama abin da ba shi ba. Amma da an fara tafiya cikin manhajojin wayar sai a tsaya a Candy Crush a yi wasa, a tsaya a Just Dance a yi rawa, a ratsa Spotify, kuma wurin da ake neman kaiwa don a tsira shi ne Dropbox. Ki cire kowane ɗaya daga cikin waɗannan zango, labarin ba zai rasa komai ba, don tun farko ba don labarin aka sa su ba. Kamfanin Sony ya sanar da aikin a 2015, ya fito da shi bayan shekara biyu, alhali manyan finafinan irin wannan sukan ci shekara huɗu ko biyar. Shi ne katun na farko da ya karɓi kyautar Razzie ta fim mafi muni na shekara, kyautar da ake bayarwa a Amurka don a kunyata. Duk da haka ya ci riba, don an kashe kimanin dala miliyan 50 ya dawo da sama da miliyan 200, kuma wannan ribar ce take sa a ci gaba da yin irinsa.

Kada a ce duk fim ɗin da ke da haja a bayansa banza ne. The Lego Movie na 2014 daga farko har ƙarshe kayan wasan kamfani guda ne, amma a ƙarƙashinsa akwai uba da ɗa da suka kasa fahimtar juna a kan wasa, kuma duk abin da ya faru a fim ɗin can yake komawa. Bambancin yana ga abin da aka fara zama aka yanke: labari ne zai ja kaya, ko kaya ne za su ja labari.

A nan ne ya kamata ki san yadda ake aikin, don shi zai nuna miki inda ake yin ɓarnar. Kafin kwamfuta ta fitar da hoto ko ɗaya mai launi, ana zana fim ɗin gaba ɗaya da zane mai sauƙi, a jera, a sa muryoyin wucin gadi, a zauna a kalla. In bai yi ba a wargaza a sake, sau da yawa. A wannan mataki gyara yana da araha; da zarar an shiga motsa zane da haskawa, kowane minti kuɗi ne masu yawa, ba mai son a taɓa. Toy Story, wanda ya fito a 1995 a matsayin dogon fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta, ya kusa mutuwa a wannan mataki. A ƙarshen 1993 an nuna wa shugabannin Disney, kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin, abin da aka haɗa, sai ga Woody, abin wasan da shi ne jarumin fim ɗin, ya fito mugu mai wulaƙanta 'yan'uwansa. Aka dakatar da aiki, 'yan Pixar, kamfanin da ke yin fim ɗin, suka koma suka sake rubutu. Yau in kin kalli fim ɗin za ki ga hotonsa ya tsufa, mutanen ciki kamar roba, amma yara ba su damu ba, don sun san abin da ke cin Woody: kishi ne, an kawo sabon abin wasa mai suna Buzz an manta da shi. Duk yaron da aka taɓa yi wa ƙane ya san wannan. Haka tatsuniya take a wurinmu. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar Gizo, amma da an fara kowa ya san abin da yake so da irin dabarar da zai yi, shi ya sa ba a tashi sai an ji ƙurunƙus.

Pixar ɗin ma ba ta tsira ba. Cars 2 na 2011 ya ɗauki labarin Cars na farko, na motar tsere da ta koyi tawali'u a wani ƙaramin gari, ya mayar da shi labarin leƙen asiri mai bindigogi da bama-bamai, daga Tokyo zuwa Italiya zuwa Landan. Mater, tsohuwar motar janwe da ke ba da dariya a gefe, shi aka ɗora a gaba, kuma wautar da take da daɗi na minti biyu ta zama abin gajiya in ta kai awa ɗaya da rabi. Kayan wasan Cars sun kawo biliyoyin daloli, mutane da yawa kuma suna ganin dalilin yin na biyun ke nan. Shi ne fim ɗin Pixar na farko da ko takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, bai shiga ba. Ina ja miki kunne musamman a kansa: akwai wurin da ake azabtar da wata mota don ta tona asiri har ta tarwatse. Ga yaron da ya ɗauki motocin nan a matsayin masu rai, kisa ne ya gani, kuma ban ga dalilin da zai sa a nuna wa 'yar shekara biyar ba.

Shark Tale na 2004 kuwa taurari ne suka cinye shi. An zana kifi da fuskar Will Smith, an zana babban kifin da tabon fuskar Robert De Niro, barkwancin kuma duk shaguɓe ne ga tsofaffin finafinan 'yan daba na Amurka. Yaron Zariya bai san ko ɗaya ba, abin da ya rage masa kifi ne mai fuskar mutum yana ta surutu yana ƙarya. Ki gwada shi da WALL-E na 2008, inda ake shafe tsawon lokaci a farko kusan ba magana, amma kowa ya gane cewa ɗan injin nan kaɗaici ne ke damunsa.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Ice Age na 2002 labari ne mai tsabta, dabbobi uku suna mayar da jariri ga danginsa. Kafin a kai na biyar a 2016 an tara 'yan wasa har ba a san wa ake bi ba, an kuma kai labarin sararin samaniya. Lightyear na 2022 ya ba masoya Toy Story wani Buzz da ba nasu ba, sannan Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe sun hana nuna shi saboda wurin da mata biyu suka sumbaci juna, abin da ya kamata uwa ta sani kafin ta kunna.

Akwai kuma tarkon da ya shafe ki kai tsaye tunda turowa ake yi. Wasu ƙananan kamfanoni suna yin kwaikwayo mai araha da suna mai kama da na asali. Wani kamfanin Brazil, Vídeo Brinquedo, ya yi Ratatoing don a ɗauka Ratatouille na Pixar ne, ya yi The Little Cars don a ɗauka Cars ne. Alamarsu a bayyane take: gajeru ne, baki yana motsi ba daidai da magana ba, ana maimaita motsi guda, bayan hoton kuma fayau ba komai. Ki sa babban ya duba sunan da shekarar tun a shagon.

Ga abin da nake koya wa ɗalibaina, ke ma za ki iya yi a gida. Ki kalli minti goma na farko ke kaɗai, ki kashe sauti. In kin iya gane wane ne jarumin, me yake so, me kuma ya tare masa hanya, to ki kira yaran. In ba ki gane ba, su ma ba za su gane ba, gara a goge a turo wani. Wanda ya wuce wannan gwaji ma ki ɗan tura shi gaba ki leƙa tsakiya da ƙarshe, musamman saboda ƙaramar, don shekarun da ake rubutawa a jikin fim da ma'aunin iyayen Amurka aka auna su.