Tambaya da Amsa: Shin Manzo Bulus Ya Hana Aure a Wasiƙarsa Zuwa ga Korintiyawa?

TAMBAYA: Ni matashi ne da ke zaune a unguwar Mabera, Sakkwato, kuma ina shirin aure bana. Wani ɗan'uwa a majami'armu ya nuna mini 1 Korintiyawa 7:1, inda aka ce yana da kyau namiji kada ya taɓa mace, ya ce wannan ne ainihin koyarwar Manzo Bulus, kuma wai haka yake a Girkancin asali. Shin gaskiya ne?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan niyya taka. Kalmomin suna nan a nassin Girkanci kamar yadda aka faɗa maka, kuma taɓa mace a nan sakaya ce ta saduwa. Abin da ya kamata a bincika shi ne bakin wanda suka fito, domin wasiƙa ce muke karantawa, ita kuwa wasiƙa ɓangare ɗaya ne na zancen da ke gudana tsakanin mutane.

Bulus ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida, a zamanin da Galiyo yake gwamnan Akaya, lardin ƙasar Girka da birnin Korinti yake ciki, wajen shekara ta 51 Miladiyya. Bayan 'yan shekaru, yana Afisa, labarin rarrabuwar masu bi ya iske shi ta bakin mutanen gidan Kuluwi, sannan wasiƙar Korintiyawa ta zo masa ɗauke da tambayoyi. Wannan wasiƙa tasu ba ta iso gare mu ba, amsarta kawai muke da ita. Shi ya sa babi na 7 ya buɗe da cewa "game da abin da kuka rubuto", kuma irin wannan mabuɗi na "game da" ya sake fitowa a 7:25, da 8:1, da 12:1, da 16:1, da 16:12, inda yake ɗauko sabuwar mas'ala a kowannensu.

A nan ne sanin yadda ake rubutu a wancan zamani yake da amfani. Tsoffin kwafe-kwafen wasiƙun Bulus, irin su takardar da masana ke kira P46, wadda aka rubuta wajen shekara ta 200, kuma a yau ganyayenta suke rabe tsakanin birnin Dublin da Jami'ar Michigan ta Amurka, an rubuta su ne da manyan baƙaƙe a jere, ba tazara tsakanin kalmomi, ba alamar da ke nuna inda aka ɗauko maganar wani. Babi-babi sai a ƙarni na 13 aka tsara su, lambobin ayoyi kuwa a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su. Saboda haka, duk alamar zance da ka gani a fassara hukuncin mai fassara ne. Mutumin Sakkwato ba baƙo ba ne ga wannan: wanda ya karanta musayar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno ya san marubuci yakan kawo hujjar abokin muhawararsa kafin ya amsa, kuma wanda ya tsinci jimla ɗaya daga tsakiya yana iya jingina wa mutum maganar da ya zo rushewa.

Masu sharhi da yawa na wannan zamani suna ganin haka abin yake a 7:1, wato wasu a Korinti ne suke cewa ƙaurace wa mace ya fi, har ga masu aure, Bulus ya maimaita maganarsu sannan ya yi mata gyara. Ni ma wannan fahimta ta fi kwanta mini, saboda abin da ya biyo baya. A aya ta 2 zuwa ta 5 ya ce kowane namiji ya kasance da matarsa, kowace mace da mijinta, kowa ya ba wa ɗan'uwansa hakkinsa, kada su ƙaurace wa juna sai da yardar su biyu, na ɗan lokaci, domin addu'a. Ya ma ce miji ba shi da iko da jikinsa sai matarsa, magana mai nauyi a duniyar Rumawa da maigida yake da rinjaye. Irin wannan salo ya bayyana a 6:12, inda ya kawo "an halatta mini kome" ya bi ta da togaciya nan take.

Adalci ne a faɗa cewa ba kowa ya karanta ta haka ba. Jerom, babban malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, ya ɗauke ta maganar Bulus ce, ya kafa hujja da ita wajen fifita zaman rashin aure. Kuma Bulus da kansa ya ce a aya ta 7 da ma kowa yana zaune kamarsa, sai dai ya ƙara da cewa kowa da irin baiwar da Allah ya ba shi. Da ya zo kan waɗanda ba su taɓa aure ba, a aya ta 25, ya bayyana cewa ba shi da umarni daga Ubangiji, ra'ayinsa yake bayarwa, kuma ya danganta shi da ƙuncin da ake ciki a lokacin.

Saboda haka, ko wace fahimta mutum ya ɗauka, babu hani a cikin babin. Aya ta 28 ta ce in ka yi aure ba ka yi zunubi ba, sannan 9:5 ta nuna Kefas, wato Bitrus, da sauran manzanni suna tafiya tare da matansu. Ina ba ka shawara ku zauna da wannan ɗan'uwa da fastonku, ku karanta daga babi na 5 zuwa ƙarshen na 7 a zama ɗaya, kuna lura da inda Bulus yake kawo maganar Korintiyawa, da inda yake isar da umarnin Ubangiji, da inda yake ba da shawarar kansa.