Maganin ciwo bayan aikin haihuwa: yana rage lada?

Tambaya: Malam, yau kwana 24 da aka yi mini aiki aka ciro jariri. Surukata ta ce shan maganin ciwo rashin haƙuri ne, yana rage lada. Wanda likita ya rubuta ya ƙare, yanzu maigida ke sayo mini Tiramol a kemis don in samu barci. Kullum kuka nake, har ina ji da ma na mutu.

Amsa: Allah Ya raya, Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Allura da ƙwayoyin da aka ba ki a asibiti halal ne. Malamanmu na Malikiyya irin su Al-Ƙarafi sun bambanta abin maye da abin sa barci irin wanda ake ba wanda za a yi wa aiki, an kuma halatta na biyun saboda lalura.

Maganar surukarki tana da asali, don akwai malaman da suka fifita barin magani, suna kafa hujja da hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri aka yi mata alkawarin Aljanna. Ban ga wannan hukunci ya hau kanki ba. Ita zaɓi aka ba ta, cutar kuma a kanta kaɗai ta tsaya. Ke akwai jinjiri yana jiran nono, kuma wadda zafi ya hana tashi ta taka, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafarta. Haƙuri shi ne kada ki yi fushi da ƙaddara. Shi kuwa, shan ƙwaya ba ya taɓa shi.

Inda na tsaya shi ne kalmarki: "don in samu barci". Nan hukunci ya canza. Ba likita ya rubuta ba, ba kuma don ciwon ɗinki kike sha ba, saboda haka bai halatta ki ci gaba a haka ba. Tiramol na kama jiki, yana kuma bi ta nono. Ki koma asibiti gobe, ki faɗi adadin da kike sha, su za su nuna miki yadda za ki daina.

Kukan kuma ba raunin imani ba ne. Nana Maryam ma da naƙuda ta kama ta cewa ta yi da ma ta mutu kafin wannan, aka ce mata kada ta yi baƙin ciki, ta ci dabino, ta sha ruwa. Amma damuwar da ta wuce mako biyu bayan haihuwa cuta ce mai magani. Idan tunanin cutar da kanki ko yaron ya zo miki, ki faɗa wa wani a take, a tafi asibiti a ranar.

Maigida, ka samo wadda za ta riƙa karɓar jaririn da dare. A kuma tambayi likita kafin a ci gaba da wankan jego da ruwa mai ƙuna a kan ɗinki.

Wallahu a'alam.